Daren Titin Mill: An Gan Ta, Ba a Gane Ta Ba

Ranar Lahadi 18 ga Maris, 2018, saura minti biyu ƙarfe goma na dare, wata mata 'yar shekara 49 ta sauko daga tsibirin da ya raba titin Mill gida biyu a birnin Tempe na jihar Arizona a Amurka. Tana tura keke, da ledojin kaya rataye a jikinsa. Ba ruwan sama, ba hazo, kwalta a bushe take. Daga kudu wata mota ƙirar Volvo XC90 ta taho, mallakin kamfanin Uber, ɗaya daga cikin motocin da yake gwada su a kan tuƙa kansu. Akwai ma'aikaciya zaune a kujerar direba, aikinta ta sa ido a hanya, ta karɓi sitiyari duk lokacin da kwamfutar motar ta rikice. Motar ta kaɗe matar tana gudun mil 39 a awa, wato kusan kilomita 63. A asibiti ta cika. Ita ce mai tafiya a ƙasa ta farko da aka san mota mai tuƙa kanta ta yi ajalinta.

Dalilin da ya sa na ɗauko wannan lamari ba shi da alaƙa da sha'awar motocin zamani. Yawancin haɗurran dare shaida ɗaya ke rage musu, wato direba, kuma maganarsa ɗaya ce ko'ina a duniya: wallahi ban gan shi ba, kawai ganinsa na yi a gabana. Wanda aka kaɗe ya tafi da nasa bayanin, duhu kuma ba ya ba da shaida. A Tempe abin ya sha bamban. Akwai kyamara mai kallon titi, akwai wata mai kallon fuskar ma'aikaciyar, kwamfutar motar kuma ta rubuta abin da ta gani daƙiƙa bayan daƙiƙa. Da wuya a sake samun haɗarin dare da aka iya buɗe cikinsa haka, a ga wa ya ga me, kuma a wane lokaci.

Hoton da ya ruɗi duniya

Kwana uku bayan haɗarin 'yan sandan Tempe suka saki hoton bidiyon kyamarar gaban motar. Duk wanda ya kalle shi ya san abin da nake nufi. Titi baƙi ƙirin, sai 'yar da'irar haske a gaban mota. Can sai ga wasu fararen abubuwa biyu suna motsi dab da kwalta: takalmanta ne. Kafin ido ya haɗa takalman da ƙafafu, ƙafafun da mutum, mutum da keke, aikin gama ya gama. Tsakanin bayyanarta da karon bai fi daƙiƙa ɗaya da 'yan kai ba. Shugabar 'yan sandan birnin ta lokacin, Sylvia Moir, tun kafin a saki hoton ta faɗa wa 'yan jarida cewa bisa yadda matar ta fito daga inuwa, da wuya a kauce wa karon, ko mutum ke tuƙi ko na'ura. Mutane da dama suka kalli bidiyon suka gyaɗa kai. Ai gani ya kori ji.

Sai dai wannan ganin na aro ne. Cikin 'yan kwanaki wasu mazauna yankin suka bi ta wannan titi da dare da kyamarorinsu, suka ɗora hotunan a intanet, sai ga titi da fitilu, ana hango gefen hanya da itatuwa da alluna daga nesa. Wuri ɗaya, duhu iri ɗaya, hoto daban. Ƙaramar kyamarar mota ba ta iya riƙe haske mai ƙarfi da duhu a lokaci guda. Idan ta daidaita kanta da hasken fitilar gaba, duk abin da ke bayan wannan haske sai ya koma baƙi. Idon mutum ya fi ta juriya nesa ba kusa ba. Su ma 'yan sanda sun koma wurin da dare sun yi awo, kuma rahotonsu na watan Yuni ya rushe maganar farko: da ma'aikaciyar tana kallon hanya, da ta iya ɗaukar mataki tun ana saura ƙafa 143 tsakaninsu, kusan mita 44, ta tsayar da motar da ratar fiye da ƙafa 42, kusan mita 13.

Amma kada wannan ya sa a ce duhu ba shi da hannu. Hoton ya yi ƙarya a kan yawan duhun, ya faɗi gaskiya a kan siffarsa. Takalman da suka fara bayyana ba kuskuren kyamara ba ne. Haka gajeriyar fitilar mota take: an ƙera ta ta duƙar da haskenta ƙasa don kada ta kashe idon mai tahowa, saboda haka ƙafar mutum take fara samu, sai gwiwa, sai ƙugu, kafin ta kai ga ƙirji da fuska mota ta zo kusa ƙwarai. Wanda ya sa farar riga da baƙin wando yana ganin ya yi dabara, alhali farin yana sama inda hasken bai kai ba tukuna.

Abin da dare ke yi wa ido

Matar tana sanye da kaya masu duhu. Kekenta yana da fitilar gaba da abin mayar da haske gaba da baya, amma babu ko ɗaya a gefe, ga shi kuma gefen keken ne ke fuskantar motar tunda tsallakawa take yi. Wurin da ta ratsa yana tsakanin fitilun titi, ba ƙarƙashin ɗaya daga cikinsu ba. Waɗannan abubuwa uku sun isa su rage nisan da za a gane ta sosai.

A yi lissafi mai sauƙi. Motar tana tafiya kusan kilomita 70 a awa kafin karon, wato tana cinye mita 19 duk daƙiƙa. Direban da bai yi tsammanin komai ba yakan ɗauki kusan daƙiƙa ɗaya da rabi tsakanin ganin abu da taka birki. Mita 28 ke nan sun wuce ƙafarsa ba ta taɓa komai ba. Birkin kansa a busasshiyar kwalta zai ci wasu mita 26 zuwa 30. Jimilla fiye da mita 50. Idan ba a gane mutum ba sai yana mita 30, to ko direban waliyyi ne ba zai tsaya ba. Abin da zai iya kawai shi ne rage gudun da zai buge shi da shi.

Masu bincike sun auna wannan a kan hanya ta gaske. Joanne Wood ta jami'ar fasaha ta Queensland a Ostareliya da Richard Tyrrell na jami'ar Clemson a Amurka, tare da wani abokin aikinsu, sun sa direbobi matasa da tsofaffi su yi tuƙi da dare a rufaffiyar hanya, ga mutane a gefe suna taku a wuri ɗaya cikin tufafi iri-iri. A sakamakon da suka wallafa a 2005, idan aka haɗa baƙaƙen kaya da gajeriyar fitila da wani haske mai kashe ido daga gaba, kashi 5 cikin ɗari kacal na mutanen aka gane. Wasu tsofaffin direbobi sun wuce mai baƙaƙen kaya ba su san da mutum a wurin ba sam. Amma da aka ɗaura ƙyallaye masu mayar da haske a gaɓoɓin da ke motsi, idon sawu da gwiwa da wuyan hannu da gwiwar hannu, matasan direbobi masu kunne da doguwar fitila sun gane mutum daga nisan mita 220.

Sirrin gaɓoɓin ya samo asali daga wani gwaji da masanin halayyar gani ɗan Suwidin, Gunnar Johansson, ya wallafa a 1973. Ya maƙala ƙananan fitilu a gaɓoɓin mutum cikin ɗaki mai duhu. Idan mutumin yana tsaye cik, mai kallo ɗigo-ɗigon haske kawai yake gani, ba kai ba gindi. Da ya ɗaga ƙafa ya fara tafiya, nan take kowa zai ce ga mutum can. Ƙwaƙwalwa ta haddace tafiyar ɗan'adam tun muna jarirai. Shi ya sa falmaran mai ƙyalli a ƙirji ba ta kai ƙyalle biyu a idon sawu amfani ba: falmaran tana ce wa direba akwai wani abu can, wataƙila allo ne ko ganga, ƙafa mai motsi kuwa tana ce masa mutum ne.

Akwai kuma yaudarar da dare ke yi wa kowane ɓangare. Herschel Leibowitz da Alfred Owens sun bayyana ta direba tun a 1977: gani iri biyu ne ke aiki lokacin tuƙi, wanda ke riƙe mota a kan layinta da wanda ke tantance mene ne wancan. Na farko duhu ba ya rage masa ƙarfi sosai, na biyun ne ke durƙushewa. Direba yana ganin farin layi, yana ganin alluna masu ƙyalli, motarsa tana bin hanya sumul, sai ya ɗauka idonsa lafiya lau, ya ci gaba da gudun rana. Bai san rabin ganinsa ya tafi ba, domin abin da ba ka gani ba ba ya sanar da kai cewa yana nan. Shi kuma mai tafiya a ƙasa fitilun motar sun haske shi fes, yana ganin inuwarsa ta miƙe a kwalta, sai zuciyarsa ta ce masa tunda ina ganinsa haka, shi ma yana ganina. Wood da Tyrrell sun auna wannan ma: masu baƙaƙen kaya sun ƙiyasta nisan da ake ganinsu ninkin-ba-ninkin abin da yake a zahiri, sannan suka raina amfanin ƙyallayen gaɓoɓi. Me matar Tempe take tunani lokacin da take ratsa titin, ita da Mahaliccinta. Abin da bidiyo ya nuna shi ne ba ta waiwayo wajen motar ba sai dab da karon. Gwajin jininta kuma ya nuna ƙwayoyi masu iya gurɓata tunani.

Idon da duhu ba ya dama

Nan ne lamarin ya fi ba ni mamaki, kuma nan ya kamata a daɗe. Motar tana da idanun da ba ruwansu da dare. A kan rufinta akwai na'urar laida, mai harba hasken leza ta auna dawowarsa, wadda ita ke samar wa kanta haske. Akwai rada mai aiki da igiyar rediyo. Ga waɗannan, baƙar riga da tsakar dare ba su ne matsalar ba.

Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta zaro bayanan kwamfutar. Saura daƙiƙa 5.6 a yi karo rada ta hango matar. A gudun motar, wannan fiye da mita ɗari ne, ninki biyu na abin da ake buƙata a tsaya cikin kwanciyar hankali. Kwamfutar ta ce mota ce. Jim kaɗan laida ta kama ta, aka sauya mata suna zuwa wani abu da ba a sani ba, kuma wai a tsaye yake. Aka sake cewa mota ce. Aka yi ta kai-komo tsakanin mota da abin da ba a sani ba. Saura daƙiƙa 2.6 aka ce keke ne. Ko sau ɗaya ba a ce mutum ne mai tafiya ba, domin waɗanda suka tsara manhajar ba su koya mata cewa mutum na iya tsallaka titi a inda babu zanen tsallakawa ba. Wani abin takaicin, duk lokacin da aka sauya mata suna sai kwamfutar ta zubar da tarihin inda ta fito, ta soma lissafi daga farko. Matar tana tafiya a miƙe, taki bayan taki, ta ƙetare layi uku daga hagu zuwa dama, amma na'urar kullum sabon abu take gani wanda ba ta san inda ya dosa ba.

Saura daƙiƙa 1.2 kwamfutar ta gane za a yi karo. A nan ma ba ta taka birki ba. An tsara ta ta dakata na daƙiƙa guda a irin wannan hali, don kada ta riƙa tsayawa ba gaira ba dalili a kan ƙararrawar ƙarya, da zaton mutumin da ke kujera zai karɓa. Ba ta kuma yi wa mutumin ƙara ba sai da daƙiƙar ta ƙare, saura 0.2. Birkin gaggawa na asali da kamfanin Volvo ya sa wa motar kuwa a kashe yake duk lokacin da kwamfutar Uber ke tuƙi. Da Volvo ya kwaikwayi haɗarin daga baya ta fuskoki 20, na'urar tasa ta kauce wa karon a 17, a sauran ukun ta rage gudun ƙwarai.

Na'urar ta ga matar sarai, ta kasa gane ta. Wannan shi ne ainihin abin da ke samun direba ɗan'adam da dare, sai dai shi ba ya barin rubutu a baya. Yakan hango wani duhu-duhu a gefen hanya, ko ɗan fari dab da ƙasa, ƙwaƙwalwarsa ta ce leda ce, ko kututture, ko inuwar allo, ƙafarsa tana nan a kan totur. Idan daga baya ya rantse bai ga kowa ba, ba lallai ƙarya yake ba. Hasken ya shiga idonsa, sunan abin ne bai zo a kan lokaci ba.

Idon da ba ya kallo

Saura ma'aikaciyar. Kyamarar cikin motar ta nuna kanta a sunkuye, idonta a ƙasa wajen gwiwarta ta dama, kusan kashi ɗaya cikin uku na lokacin da motar ke tafiya a daren. Saura kusan daƙiƙa shida ta sake sunkuyawa, ba ta ɗago ba sai ana saura kusan daƙiƙa ɗaya. Ta kama sitiyari a daidai lokacin karon, ta taka birki bayansa. Bayanan wayarta sun nuna tana jawo wani shirin gasar waƙa ta intanet har zuwa lokacin. Lauyoyinta daga baya sun ce saurare kawai take yi, abin da take kallo saƙonnin aiki ne a wata wayar. Ko wanne ne, idon ba ya kan titi.

Ba na son a ɗora mata kayan duka. An zaunar da mutum shi kaɗai sa'o'i yana kallon motar da ke tuƙa kanta daidai a hanyar da ya bi sau da yawa, an ce kada ya yi komai amma ya kasance a shirye ya yi komai cikin daƙiƙa guda. Hankalin ɗan'adam ba haka aka gina shi ba. Da farko ma mutum biyu Uber ke sawa a kowace mota, watanni kafin haɗarin ya mayar da su ɗaya.

A watan Nuwamba 2019 NTSB ta fitar da hukuncinta. Babban dalili: ma'aikaciyar ba ta kula da hanya ba saboda waya ta ɗauke mata ido. Abubuwan da suka taimaka: sakacin kamfanin wajen auna haɗari da sa ido kan ma'aikatansa, tsallakawar matar a inda ba a tanada ba cikin halin maye, da raunin sa idon hukumar sufurin jihar Arizona a kan gwajin. A cikin wannan jeri babu duhu. Abin da aka fara kamawa ranar farko shi ne bai samu shiga ba a ƙarshe. A ganina duhun bai kashe ta ba, amma shi ya cinye rarar da ke ceton mutane kullum ba su sani ba. Da rana tsaka, mai satar kallon titi daga waya zai iya tsinkayar mace da keke tun tana layin farko, ko da gefen ido ne. Da dare sai an kalla da gangan, an ci gaba da kallo, kafin a gane.

Titin kansa yana da nasa laifin, ko da yake an fi saurin wuce wannan. A tsibirin da matar ta fito akwai wata shimfiɗar jan bulo mai siffar gicciye, wadda duk wanda ya gan ta zai rantse hanyar ƙafa ce, tana kaiwa har bakin kwalta. A bakinta kuma an kafa alluna masu cewa kada a tsallaka nan, a je mashigar da aka tanada, wadda ke kusan ƙafa 360 gaba, wato mita 110. An shimfiɗa wa mutane tabarma an ce kada su zauna. Ga iyakar gudu mil 45 a awa, gudun da muka riga muka ga gajeriyar fitila ba ta iya biya masa buƙata idan mai baƙaƙen kaya ne a gaba. Bayan haɗarin hukumomi suka cire bulon suka zuba duwatsu.

Abin da ya biyo baya gajere ne. Gwamnan jihar na lokacin, Doug Ducey, wanda da kansa ya yi wa motocin maraba, ya dakatar da gwajin Uber cikin kwanaki. Kamfanin ya sasanta da iyalan matar, ya tattara ya bar Arizona a watan Mayu, ya sayar da sashen gaba ɗaya ga kamfanin Aurora a ƙarshen 2020. Masu gabatar da ƙara sun ce a 2019 babu laifin da za a tuhumi kamfanin da shi. Ma'aikaciyar ce aka gurfanar a 2020 bisa kisa ta sakaci. A Yuli 2023 ta amsa ƙaramin laifi na jefa rai cikin haɗari, aka ba ta shekara uku ƙarƙashin sa ido ba tare da ɗauri ba.

A shekarar da abin ya faru, masu tafiya a ƙasa fiye da 6,000 motoci suka kashe a Amurka, kusan uku cikin kowane huɗu cikin duhu, kuma kusan dukansu mutane ne ke tuƙi. Na'urorin birkin gaggawa da ake sa rai da su ma dare na ba su wahala: cibiyar IIHS ta masu inshora ta gano a 2022 cewa suna rage kaɗe mutane da rana da kuma inda akwai fitilun titi, amma a hanya mai duhu ba su nuna wani bambanci ba. A 2024 gwamnatin ƙasar ta kafa dokar cewa daga Satumba 2029 sababbin motoci su zo da birkin da ke gane mai tafiya a ƙasa har cikin duhu. Sai ga wata sabuwa a farkon 2025: cibiyar ta gwada motoci uku da mutum-mutumi sanye da ƙyallaye masu mayar da haske a gaɓoɓi, irin waɗanda idon ɗan'adam ke ganewa daga mita 200, biyu daga cikin motocin suka bi ta kansa ba su ko rage gudu ba.